Ƙanena ya ja da baya, yanzu yana cewa cetonsa ya tafi

Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Salama gare ku cikin sunan Yesu. Ƙanena ya yi baftisma yana ɗan shekara 17. Da ya tafi neman kuɗi sai ya bar sujada har shekara uku, ya shiga shan giya. Yanzu ya dawo gida, ya daina, amma ya karanta Ibraniyawa 6:4-6, inda aka ce ba shi yiwuwa a sake jawo waɗanda suka yi ridda zuwa ga tuba, ya ce ƙofar tuba ta rufe masa. Ko barcin kirki ba ya yi. Don Allah, ceto yana kuɓuce wa mutum? Me zan ce masa?

Wani dattijon ECWA daga Malumfashi:
'Yata, ki fara raba masa abu biyu da ya haɗa: faɗuwa cikin zunubi daban, ridda daban. An rubuta Ibraniyawa ne ga Yahudawa masu bi waɗanda tsanani ya sa suna tunanin komawa ga hadayun Haikali. Gargaɗin na wanda ya san Almasihu sarai, sannan ya ce jininsa ba komai ba ne, ya tsaya a kan haka. Irin wannan ba ya kwana yana kuka kan ceto, don abin ya daina damunsa. Ƙanenki ya tsaya a aya ta 6, bai kai ta 9 ba, inda marubucin ya ce yana da tabbacin abu mafi kyau game da su.

Ku zauna ku karanta a jere, nassi ɗaya kowace rana: Yahaya 6:37, sai 1 Yahaya 1:9, sai Luka 22:31-32 da 54-62, sai Yahaya 21:15-17. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, Yahuza ya bashe shi, dukansu sun yi nadama. Ɗaya ya koma wurin Yesu da nadamarsa, ɗaya ya tafi da ita shi kaɗai. Bambancin da 2 Korantiyawa 7:10 ke nufi ke nan.

Wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki, Funtua:
Baba ya yi daidai, sai dai kada a ɓoye masa cewa masana sun rabu a kan tambayar. A 1610 almajiran wani malamin tauhidi mai suna Arminiyus a ƙasar Holan suka ce batun yana buƙatar ƙarin bincike, sai taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a garin Dort daga 1618 zuwa 1619 ya amsa cewa wanda aka haifa ta Ruhu, Allah zai riƙe shi har ƙarshe. Hujjar masu bin koyarwar Dort ita ce Yahaya 10:28-29, Romawa 8:38-39, Filibiyawa 1:6, da hatimin Ruhu a Afisawa 1:13-14. Wanda ya fita bai dawo ba, suna cewa da ma ba namu ba ne, bisa 1 Yahaya 2:19. John Wesley da mabiyansa, 'yan ikkilisiyar Metodis, kuwa sun koyar cewa mai bi na gaske zai iya sakin bangaskiya da kansa, suna nuna Yahaya 15:6 da 2 Bitrus 2:20-22.

Ni ina tare da koyarwar Dort. Amma 'yar'uwa, ki lura, babu ɗaya cikinsu da ya ce a kori wanda ya dawo da tuba. Gardamarsu a kan wanda bai dawo ba ce.

Abin da ya kamata ya gwada shi ne irin bangaskiyarsa. Tana da ƙafa uku kamar murhu: sanin bishara, yarda cewa gaskiya ce, da dogara ga Almasihu shi kaɗai. Biyun farko ko aljanu suna da su, in ji Yakubu 2:19. A ta ukun ake samun matsala: wani ga ranar da ya ɗaga hannu a taron farkawa ya dogara, wani ga katin baftisma. Irin wannan mutum, rana ta farko da jaraba ta buga sai ya bushe, kamar irin da ya faɗa kan dutse a Matiyu 13. Kada ki tambaye shi yaushe ya tuba. Ki tambaye shi, yau ga wa ya dogara?

Wani katikis, Katsina:
Malam, a Katolika muna cewa alherin da aka samu a baftisma yana iya ɓacewa ta zunubi mai kisa, haka babban taron bishop-bishop na Katolika a garin Trent ya koyar a 1547. Sharuɗɗansa uku: laifin ya zama babba, mutum ya san haka sarai, kuma ya aikata da cikakken nufinsa. Idan ɗaya ya rasa, bai kai can ba. Ko ya kai, hanyar dawowa a buɗe take ta wurin tuba da furta zunubi gaban fada, wato firist.

Mai tambaya:
Na gode iyayena. Yana cewa a sake yi masa baftisma. Ya dace?

Wata uwa a zumuntar mata, Kafur:
A'a 'yata, baftisma ɗaya ce, duba Afisawa 4:5. Abin da ake yi shi ne ya je wurin fasto da dattawa ya faɗi gaskiya duka. A yawancin majami'unmu za su iya sa shi ƙarƙashin horo, ya dakata da cin Jibin Ubangiji na wani lokaci, sannan a maido shi gaban jama'a. Ki gaya masa tun da wuri, don wasu suna ɗaukar horo kora ce sai su sake gudu. Galatiyawa 6:1 ta ce da tawali'u ake maido da mutum.

Kuma kada ki yi saurin ce masa “ba komai”. Akwai komai, shi ya sa ake tuba. A haɗa shi da namiji ɗaya balagagge cikin bangaskiya da za su riƙa ganawa kowane mako, ya kuma share lambobin abokan sha daga wayarsa. Rashin barcin nan kuma ba lallai duk na ruhaniya ba ne. Wanda ya daɗe yana sha ya yanke farat ɗaya, jiki kan yi rawa, barci ya ƙaurace. Idan kin ga haka, ko kika ji yana cewa rayuwa ta ishe shi, ku kai shi asibiti a ranar, addu'a kuma a ci gaba da ita a hanya.