Sauya kwanon ɗaki a tsakiyar damina

Mai tambaya, unguwar Bagalam, Maraɗi: Salamu alaikum ƴan uwa. Ɗakin laka ne, kwanon ya yi tsatsa, yana yoyo. A sauya shi yanzu cikin Agusta, ko a jira?

Magini, unguwar Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam, Malam. Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa a Maraɗi. In da hali, a toshe ramukan da kwalta, a jira Oktoba. Matsalar tana kan katanga: da an ɗaga kwano, ruwa ya sauka kan lakar, sai ta jiƙe daga sama, ta saki itacen da ke cikinta. In dole ne, a riƙa cire layi ɗaya ana rufe shi kafin a taɓa na gaba. A fara da sassafe, tamfol da igiya na kusa, don hadarin gabas ba ya sallama. Simintin da aka shafe bakin kwano da shi yana son kwana guda babu ruwa, in ba haka ba ya wanke.

Kafinta, Sabon Gari: Gaskiya ne, maigida. Kuma kada a ɗora kwano kan jiƙaƙƙen katako; in ya bushe sai ya ƙanƙance, ƙusa ta yi sako-sako. A buga ƙusa a kan tudun kwano tare da robarta, ba cikin kwari inda ruwa ke gudu ba. Kwanon sama ya hau na ƙasa da santimita 15 zuwa 20.

Mai walda: Alhaji, kada kowa ya hau jiƙaƙƙen kwano, santsi gare shi. Ana walƙiya kuwa, a sauko nan take.