Tornado da Hausa: na tsaya a kan "guguwar hadari"

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu yanke a nan, tunda cikinmu akwai malaman Hausa da 'yan jarida, akwai kuma irina masu son kallon sama idan hadari ya haɗo. Abin nan da Turawa ke kira tornado, me za mu ce masa?

Na san amsar da za ta fara zuwa: mahaukaciyar guguwa. Ita muke ji a rediyo kullum, sai dai komai da ita ake kiransa. Katrina da ta nutsar da birnin New Orleans a 2005, mahaukaciyar guguwa. Idai da ta ragargaza Beira ta Mozambik a 2019, mahaukaciyar guguwa. Wadda ta ratsa garin Moore na jihar Oklahoma ran 20 ga Mayu 2013 ta kashe mutum 24, ita ma haka aka ce mata. Alhali biyun farko a kan teku mai ɗumi suke tasowa, faɗinsu ɗaruruwan kilomita, suna kwanaki a hanya tauraron ɗan'adam na ganinsu. Ta ukun kuwa, wato tornado, daga gindin hadari take saukowa, yawancin irinta ba sa wuce minti goma a ƙasa, kuma gargaɗin da mutane ke samu na 'yan mintoci ne. Mafi faɗi da aka taɓa aunawa ita ce ta El Reno, a jihar Oklahoma, ran 31 ga Mayu 2013, kilomita 4.2. Mai sauraro a Fagge ko Gwale ta ina zai bambance?

Wani malami ya rubuto cewa a bar ta a guguwa kawai, ba sai an yi ƙari ba. Allah ya gafarta Malam, a nan ne nake da ja. Guguwar da muka sani ta bazara ce. Ka tsaya a bakin filin idi na Ƙofar Mata cikin watan Maris ko Afrilu, da azahar, rana ta take, sama tas ba ɗigon girgije. Sai ka ga ƙura ta murɗe daga ƙasa, ta kwashi ledar fiya wata da busasshen ganye ta yi sama da su, yara na gudu, manya na a'uziyya. Kafin ka gyara hula ta mutu a jikin katanga. Zafin ƙasa ne ya haife ta, daga ƙasa take hawa sama, kuma babu ruwanta da hadari. Tornado akasin haka ce. Galibi sai an sami gawurtaccen hadari wanda shi kansa yake juyawa, saboda iskar ƙasa da ta can sama ba gabas ɗaya suka dosa ba, gudunsu ma ba ɗaya ba. Daga gindinsa wani abu yake zurowa kamar mazurarin mai awon man gyaɗa, sama da faɗi ƙasa da tsini, har ya taɓa ƙasa. Shi ya sa ta fi yawa a filayen tsakiyar Amurka, su Texas da Oklahoma da Kansas da Nebraska, inda iska mai ɗumi da laima daga tekun Meziko ke karo da busasshiya daga yamma da mai sanyi daga Kanada. Ƙasar na samun sama da 1,000 a shekara.

To tunda juyin iri ɗaya ne amma mahaifa daban, sai na ce guguwar hadari. Kalmomi biyu ne da kakata ma ta sani, kuma sunan da kansa ya faɗi inda abin ya fito.

Na ga sauran shawarwarin. Hajiyar da ta kawo jelar hadari, wallahi ta fi tawa daɗin faɗi, kuma wanda ya taɓa ganin bidiyon siririyar tornado tana lilo a ƙarƙashin girgije zai ce ta yi daidai. Amma Hajiya, ba dukansu ke da jela ba. Manyan, waɗanda suka fi kisa, sukan zo da faɗi har ka ɗauka hadarin ne gaba ɗaya ya zauna a ƙasa, wasu kuma ruwan sama ya lulluɓe su ba a ganin komai. Sunan da zai sa mutum ya tsaya neman jela bai cece shi ba. Holoƙo kuma na kaka ne, ƙura da iska ba ruwa, kada mu ɗora masa abin da ba nasa ba.

Masu cewa a ari kalmar a rubuta tonado, ban ƙi aro ba, da shi muka sami mota da rediyo. Sai dai ita kalmar a bakin Turawan ma ta yi yawo. A tsofaffin rubuce-rubucen matafiya da jami'an mulkin mallaka, hadarin farkon damina na Afirka ta Yamma suke kira tornado, wato irin namu na gabas. Kun san shi: cikin Mayu ko Yuni gabas ta yi baƙi ƙirin da la'asar, wata iska mai sanyi ta fara kaɗowa, 'yan Kantin Kwari na rige-rigen janye atamfofi, masu adaidaita sahu na sauke labule, sannan jar ƙura ta rufe gari kafin ɗigon farko. Wannan iska tana yaye kwanon gida, tana kayar da turken wuta da darbejiya, amma miƙe take tafiya, ba ta juyawa. Gobe da safe ka duba, duk abin da ya faɗi gefe guda ya kwanta. Inda tornado ta bi kuwa, siririyar hanya ce, tarkace a watse ta kowace fuska, gidan nan ya tafi na kusa da shi yana tsaye. Tamu ta gabas iskar hadari ce, a bar mata sunanta. Su Katrina da Idai kuma guguwar teku.

Yayana da ya ce a waya mutane ba sa sa ƙugiya, za a karanta hadari a matsayin haɗari: gaskiya ne, zai faru. Amma wanda ya karanta guguwar haɗari bai ɓata da nisa ba. Ta Daulatpur da Saturia a Bangladesh, ran 26 ga Afrilu 1989, ta kashe kimanin mutum 1,300.

Mu gwada ta a jimla mu ji. "Guguwar hadari mai matakin EF5 ta afka wa garin Joplin na jihar Missouri ran 22 ga Mayu 2011." Ta zauna. Ma'aunin nan daga EF0 yake zuwa EF5, gyararren na Ted Fujita ne, masanin nan ɗan asalin Japan da ya yi aiki a Jami'ar Chicago, kuma ɓarnar da aka tarar ake dubawa a ƙiyasta gudun iskar. EF5 ta haura kilomita 320 a awa.

Saura mutanen da ke bin ta da mota, waɗanda da yawanmu ta bidiyonsu muka san abin. An kawo 'yan farautar hadari. Ni na fi son 'yan bin hadari, domin ba kama shi suke yi ba, sawunsa suke bi. Wasu hoto ya kai su, wasu ilimi. Tim Samaras injiniya ne da ke ajiye na'urorin awo a kan hanyar da guguwar za ta bi don a san abin da ke faruwa a cikinta, kuma a ta El Reno ɗin nan ya rasu, shi da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young.

Wanda ban sama wa suna ba har yanzu shi ne hadarin nan mai juyawa da ke haifar ta, wanda suke kira supercell. Ina tsakanin uwar hadari da hadari mai juyi. Malamanmu na sashen Hausa a Jami'ar Bayero da ma'aikatan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, da ke nan, ku taimaka da wannan.