Muhawara: Stephen Van Rensselaer mai alheri ne, ko mai jinkirta bashi?

Malam Isa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina kan bakana: manoman jihar New York sun ci amanar gidan Van Rensselaer. Stephen na Uku ya riƙe ƙasar Rensselaerswyck shekaru masu yawa, iyalai kusan 3,000 suna noma a cikinta, kuma ba ya matsa wa wanda ya kasa biyan haya. Shi ya kafa makarantar Rensselaer a garin Troy a 1824, wadda har gobe take yaye injiniyoyi. Yana rasuwa a Janairun 1839, 'ya'yansa suka nemi haƙƙinsu, sai mutane suka ɗauki bindiga. Wannan ai butulci ne.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka karanta takardar hayar kuwa? Manomi zai karɓi daji, ya sare itatuwa, ya tone duwatsu, ya gina gida. An ɗaga masa shekara bakwai na farko. Daga nan duk shekara zai kai bushel 10 zuwa 14 na alkama a kan kowace eka 100 (bushel ɗaya kusan kilo 27 ne), da kaji huɗu masu ƙiba, da aikin yini guda da dawakinsa da amalankensa. Hayar ba ta da ranar ƙarewa, jikoki ma sai sun biya. Ma'adinai da wurin kafa injin niƙa a bakin rafi duk na maigida ne. In kuma ka sayar da gonar da guminka ya gyara, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin nasa ne. Ina alherin?

Barista Kabiru: Hajiya, da girmamawa, ba a ɗaure kowa aka kai shi ba. Sun ga sharuɗɗa suka sa hannu. Alkawari kaya ne.

Hajiya Rabi: Kakanni suka sa hannu, Barista. Wanda aka haifa a 1810 a tsaunukan Helderberg na cikin Rensselaerswyck, inda ƙasar duk tsakuwa ce kuma alkama ta daina yi, da wa ya yi alkawari?

Malam Isa: To amma ba ki taɓo maganata ba. Mutumin bai kori kowa ba, yana karɓar abin da ya samu, wani lokaci ya kau da kai gaba ɗaya.

Hajiya Rabi: Nan ne ma gizo ke saƙa. Kau da kai ya yi, bai yafe ba. Duk abin da ba a biya ba yana rubuce a littafi, har ya taru ya kai kusan dala 400,000. Wasiyyarsa ta ce a karɓo a biya basussukansa da shi. Wato shi ya tafi da sunan kirki, ya bar wa 'ya'yansa Stephen na Huɗu da William baƙin jinin karɓa. Manomin da aka ɗaga wa ƙafa shekara goma ya wayi gari ana neman kuɗin shekara goma a dunƙule. Da da gaske yake, alƙalami na hannunsa, sai ya soke.

Usman Ɗalibi: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Shi kansa asalin mallakar fa? Kiliaen van Rensselaer, kakan kakannin gidan, ɗan kasuwar lu'ulu'u ne a Amsterdam, kuma darakta a kamfanin Holan na West India. Dokar kamfanin ta 1629 ta ce duk wanda ya kai mutum 50 cikin shekara huɗu a ba shi ƙasa da ikon shari'a a kanta. Wakilansa suka fara sayen ƙasar daga ƙabilar Mahican, 'yan asalin yankin, a 1630. Har ya mutu a 1643 bai taɓa taka Amurka ba. Turawan Ingila suka ƙwace yankin a 1664, suka tabbatar wa gidan mallakar a 1685. Ƙasa mai kusan mil 24 a tsaye, mil 48 a kwance, gefe biyu na kogin Hudson. Kuma gidan yana da bayi, shi Stephen na Uku ma ya mallaka.

Barista Kabiru: Usman, in muka bi wannan layin babu takardar fili ɗaya a Amurka da za ta tsira, har ta manoman. Su ma ba don Mahican suka yi faɗa ba. Kayan atamfa suka sa da abin rufe fuska na fatar tunkiya suna kiran kansu Indiyawa, wato 'yan asalin Amurka, su busa ƙahon gwangwani a taru, a shafa wa jami'in kotu kwalta da gashin kaza. A Agustan 1845 suka harbe mataimakin sharif (babban jami'in tsaron gunduma) Osman Steele a garin Andes. Rai fa aka kashe.

Hajiya Rabi: Ba na kare kisa. Amma Andes a gundumar Delaware take, ƙasar wasu masu gidajen ce daban, wanda ke nuna ciwon ya wuce gida ɗaya. Kuma kafin a kai nan, manoma sun aika wakilai wurin Stephen na Huɗu a 1839 suna roƙon ragi ko a sayar musu da gonakin, ya ƙi zama da su. Sai bayan haka suka yi taro a garin Berne ranar 4 ga Yuli, inda suka ayyana bijirewarsu. Barista, kai da ka san doka: kundin tsarin mulkin New York na 1846 ya hana hayar gona ta wuce shekara 12, kotun ƙoli ta jihar kuma a 1852 ta rushe sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu.

Barista Kabiru: Haka ne, amma kundin bai taɓa tsofaffin takardu ba. Da magada suka gaji da rikicin, wani ɗan kasuwa Walter Church ya sayi takardun hayar da rahusa, ya ci gaba da maka manoma a kotu yana korarsu har cikin shekarun 1880. Kotuna kuma sun ba shi gaskiya sau da yawa.

Malam Isa: Kun ga? Da Church ya zo ai sun san sun yi rashin Stephen na Uku.

Hajiya Rabi: Malam, takardun da Church yake kora da su, wa ya rubuta su?