Had disk ɗina yana aiki a laftof amma akwatin Android ya ƙi ganinsa

Baban Yara:
Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka min. Na sayi had disk mai tera 1 na kai wajen masu tura fina-finai suka cika min shi saboda yara, a laftof yana buɗewa lafiya lau, amma da na jona shi a akwatin Android ɗin falo sai fitilarsa ta kama, ya riƙa wata 'yar ƙara ƙit ƙit ƙit, shi ke nan babu abin da ke fitowa. Kuma filash ɗina mai giga 16 yana yi a ramin USB ɗin akwatin. Ko jabu aka sayar min ne?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Malam. Ba jabu ba ne, yunwar wuta ce. Filash ba abin da ke juyawa a cikinsa, shi kuwa had disk faifai ne da ƙaramin inji ke juya shi, kuma lokacin tashi ya fi jan wuta. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa a ƙa'ida, USB 3.0 kuma 900, to wannan ƙarar da kake ji faifan ne ke son tashi wuta tana yanke masa. Duba ko akwai rami mai shuɗin ciki, wato USB 3.0, ka gwada can, in babu ka nemi kebul mai kai biyu ko hob, wato na'ura mai ramukan USB da yawa, mai adaftar wutarsa. Amma daina jona shi yana wannan kukan, haka suke mutuwa.

Na Gidan Kallo:
Ni dai nawa fomat na yi masa zuwa tsarin ajiyar fayil na FAT32 ya kama nan take, gwada.

Mai Gyara:
A'a yallabai kar ka sa bawan Allah ya goge kayan da ya biya kuɗi aka tura masa! Fomat share komai yake. Sannan FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, manyan fina-finai ba za su shiga ba, kuma shi kansa Windows a tagar fomat ɗinsa ya daɗe yana tsayawa a giga 32. Naka matsalar tsari ce, nasa wuta ce, ai wanda tsari ya hana ba ya ƙara, tashi yake sumul akwatin ya ce bai gane shi ba. In ta kai ga canja tsari, sai NTFS ko exFAT, bayan ya kwashe kayansa.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri, na samo hob mai wuta, ya fito!! Saura ƙiris in danna fomat wallahi, akwatin har tambayata ya yi. Sai dai wasu fina-finan hoto kawai babu murya, a laftof kuma da muryarsu.

Hajiyar Kwamfuta:
Wannan ba ruwan had disk, ƙanena. Muryar mai tsarin sauti na DTS ce ko AC3, manhajar da ta zo da akwatin ba ta iya fassara su. Sauke manhajar kallon bidiyo ta VLC ka buɗe da ita. In kuma hoton ne ke tsayawa yana ja, tsarin bidiyo na H.265 ne ya fi ƙarfin akwatin, sai ka ce wa mai turawar ya ba ka na H.264.