Na'urar kunne ko makarantar kurame? Ku ba ni shawara

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata shekararta 6. Sanƙarau ya kama ta a bazarar bara, Allah ya tashi kafaɗunta amma jin ya tafi. An yi gwaji aka ce kunnen dama babu komai, na hagu da ɗan saura. Har yanzu tana magana, sai dai kalmomin sun fara karkacewa, a aji kuma zama kawai take yi. Na kwashi adashe, ₦300,000 ke hannuna. In saya mata na'urar kunne ta ci gaba da makarantarsu, ko in kai ta makarantar kurame ta Tudun Maliki? Kakarta ta ce in ta koyi maganar hannu bakinta zai mutu. A Kano muke.

Abu Ammar: Allah ya ba ta lafiya. Ki ɗiga mata man zaitun da ɗuminsa, wani lokacin dauɗa ce ke toshewa.

Sista Larai: Malam, sanƙarau fa ta ce. Can cikin kunne yake yin ɓarna, inda mai ba ya kaiwa. Maman Husna, kar ki ɗiga komai. Ɗauki takardar gwajin ki je sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki tambayi batun dashen na'ura a can cikin kunne ta hanyar tiyata, don bayan sanƙarau wurin kan rikiɗe ya zama ƙashi, in an makara aikin yakan yi wuya.

Baban Ihsan: Sista, dashe maganar miliyoyi ce, baiwar Allah ta ce dubu 300. Ni ₦28,000 na saya wa mahaifina a kasuwa, yana jin rediyonsa lafiya lau.

Ummu Sabir: Wace irin ₦28,000? Ta ɗana ₦650,000 muka biya, kunne ɗaya. Ta kasuwa ƙara kawai take ɗagawa, da muryar mutum da janareton maƙwabta duk tare. Ta gaske sai an saita ta da kwamfuta daidai da gwajin yaron. Ga batir da ba ya wuce sati biyu, ga robar cikin kunne da sai an sake aunawa duk sanda yaro ya ƙara girma.

Baban Ihsan: Hajiya, tsada dai kika saya. Wani abokina dubu 180 ya samu.

Ɗan Fagge: Ni kurma ne, bari in yi magana. Annobar sanƙarau ta 1996 ce ta ɗauke min ji, ina aji biyu. Abin da kakar Husna ta faɗa shi aka faɗa a gidanmu. Babu inda ba a kai ni ba, rubutu na sha, hayaƙi na sha, mahaifina har filinsa ya sayar. Aka bar ni a makarantar masu ji, a bencin gaba, ina kallon bakin malam, ya juya allo shikenan darasi ya ƙare a wurina. Bulala na sha a kan taurin kai, alhali ban ji an kira ni ba. Da daddare in an kashe fitila ana hira a tsakar gida ni ba na cikin gidan, don ba na ganin bakin kowa. Ranar da kakata ta rasu sai da na ga mata suna kuka na gane, babu wanda ya tuna ya taɓa ni ya faɗa min. Sai da na zama saurayi na haɗu da kurame a majalisarsu, a cikin 'yan watanni na san abin da shekaru suka hana ni. Kuɗin da aka kashe a kan kunnena da an kashe rabinsa a kan karatuna, da ba haka nake ba.

Maman Husna: Innalillahi. Yaya, ka sa ni kuka.

Sista Larai: Allah ya saka maka, amma kai ba a gwada maka na'ura ba. Yarinyar nan da sauran ji a hagu. A bar masana su duba.

Ɗan Fagge: Sista, ke minti goma kike ganin kurma a asibiti. Ni a ciki nake kwana nake tashi.

Malama Hadiza: Ina koyar da kurame, kuma ku biyun duk kuna da gaskiya. Maganar hannu ba ta kashe baki, rashin jin kai da rashin abokin hira ne ke kashe shi. Abu ɗaya ki sani: maganar hannu ta makaranta tushenta Amurka, tun zuwan Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke mai kafa makarantun kurame, Ibadan a 1960, ta bambanta da wadda kuramen Kano ke yi a gari. Ko wacce ta koya, ke ma sai kin koya, in ba haka ba ta dawo gida babu mai yi mata magana.

Sarkin Zolaya: Jama'a wacce ce mai makunnin kashewa? Ina so in saya kafin uwargida ta kawo lissafin kayan sallah.

Ummu Sabir: Ka ji tsoron Allah, uwa ce ke neman mafita.

Zee Kurna: Ni ma ba na ji sosai, kuma abin da ya fi ci min rai layin asibiti ne. Da baki ake kiran suna. Na taɓa wuni a benci katina na ƙasa, an kira ni tun safe. Da na shiga likita bai cire takunkumi ba, na roƙe shi ya rubuta ya ce ba shi da lokaci.

Ɗan Fagge: Matata da za ta haihu ƙaninta aka kira ya yi tafinta, yaro ɗan sakandare, a kan maganar da ko ni tana jin nauyin faɗa min. Ina dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a 2019? Tafinta nawa kuka gani a asibiti?

Baban Ihsan: Banki ma haka. Su ce sai sun kira ka a waya sun tabbatar kai ne.

Zee Kurna: Huɗubar Juma'a fa? Yayana zuwa yake ya zauna har a tada sallah.

Maman Husna: Na gode duka. Malama Hadiza, in an sa mata na'urar za su karɓe ta a can, ko sai wanda ba ya ji gaba ɗaya? Kuma Ummu Sabir, a ina aka auna wa ɗanki robar?