Bitar da kamfanonin fasaha ke ɗaukar nauyi: me kuka dawo da shi ɗakin labarai?

Editan labarai a gidan rediyo, Kano:
Assalamu alaikum abokan aiki. Tun da Facebook ya buɗe shirinsa na tallafa wa aikin jarida a watan Janairun 2017, Google kuma ya biyo baya a watan Maris na 2018 da alƙawarin dala miliyan 300 cikin shekara uku, bitoci suka yawaita a wurinmu. Ina roƙon waɗanda suka halarta su faɗa mana abin da suka ƙaru da shi, da kuma ko ya taɓa 'yancinsu na zaɓar labari.

Wakiliyar jarida, Abuja:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai na ƙaru, domin a can na koyi bin diddigin hoto har zuwa inda aka fara wallafa shi, kuma a lokacin zaɓen 2023 wannan ilimin ya hana mu buga wani hoton tarzoma da ke yawo a WhatsApp, wanda ashe tsoho ne kuma daga wata ƙasa. Sai daga baya na lura cewa a kwana ukun da muka yi, duk manhajar da aka nuna mana ta mai ɗaukar nauyin ce, kuma babu darasi ko guda a kan yadda ake binciken kamfanin kansa.

Mataimakin edita, Kaduna:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wani kamfani ya ba gidanmu tallafin kwamfutoci da horo, bayan 'yan watanni kuma wani yaronmu ya kawo rahoto a kan kalaman ƙiyayya da ake rubutawa da Hausa a dandalin kamfanin, waɗanda ake kai ƙararsu amma su kwana biyu ba a cire ba. Babu wanda ya bugo waya daga kamfanin, babu wanda ya yi mana barazana. Mu da kanmu muka yi ta cewa a ƙara tantancewa, aka tura rahoton daga wannan tebur zuwa wancan, har lokacin sabunta tallafin ya wuce, labarin kuma ya tsufa. Wani a taron editoci ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, aka yi dariya, amma yaron bai yi ba.

Malamin aikin jarida a jami'a:
Abin da nake jaddada wa ɗalibai shi ne kayan aro ba su da tabbas. An horar da 'yan jarida da yawa a kan manhajar CrowdTangle don gano abin da ke yaɗuwa a Facebook, sai Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya rufe shi a watan Agustan 2024, sannan a Janairun 2025 ya sanar da daina aiki da masu tantance labarai a Amurka.

Tsohon wakili, mai ritaya:
Ranku ya daɗe, kada mu manta cewa a zamaninmu tallan gwamnati da ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai sun fi kashe labari. A shekarun da na yi ina aiki, gidanmu bai taɓa biya mini kuɗin horo ko na kwana ɗaya ba. Malam na Kaduna, ina so in ji ko rahoton yaron nan yana nan a ajiye.