Ma'aikatanmu a Legas: yaya kuka yi da niyyar rage ƙiba?

Ma'aikacin banki, Ikeja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya ce jinina ya hau, kuma ya ɗora laifin a kan ƙiba. Niyyar gyara ina da ita, amma ina fita daga Agege da asuba, ba na dawowa sai bayan isha'i saboda cunkoson motoci, a lokacin kuma tuwo mai nauyi nake ci in kwanta. Waɗanda aiki ya ɗaure kamar ni, yaya kuka yi?

Direban tanka, Apapa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu da muke kwana a layin ɗaukar kaya, abincinmu shayi ne mai sukari da madara, burodin Agege da indomi, sai lemon kwalba idan rana ta take. Ban iya sauya komai gaba ɗaya ba, sai na fara da barin lemon, na koma ruwa, na kuma roƙi mai shayi ya rage mini sukari. Wandona ya fara yi mini yawa kafin azumi ya zagayo.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
Malam, Allah ya ƙara lafiya. Abin da nake gani a wurin aiki shi ne yawancin mutanenmu ba sa shiryawa sai ciwon sukari ko hawan jini ya riga ya kama su, domin har yanzu ana ɗaukar tumbi alamar hutu da wadata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kuma dunƙulen magi na cikin lissafin. Ta kuma ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Ni ina dafa wake da alayyafo da daddare in tafi da shi aiki, sannan ina sauka daga BRT, wato babbar motar bas ta haya, tasha ɗaya kafin tawa in ƙarasa da ƙafa. Ka mayar da babban cinka rana, da dare ka sha fura marar sukari.

Ɗan kasuwa, Mile 12:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da yake damuna, mu ne muke sauke kabeji, karas da tumatir daga Arewa, amma soyayyen abinci muke saye. Yanzu a rumfarmu muna haɗa kuɗi, yaro ya yanka mana kwaɗon ganye da ƙuli-ƙuli bayan azahar.